Evgenia Medvedeva da Kakar 2018/2019: Sauyin Koci, Sauyin Jiki da Lambar Tagulla a Saitama

A tarihin wasan zamiya a kan ƙanƙara, wanda ake haɗa tsalle da juyi da rawa a cikinsa, ba kasafai ake samun 'yar wasan da ta mamaye fage kamar yadda Evgenia Medvedeva ta Rasha ta yi tsakanin 2015 da 2017 ba. Haka kuma ba kasafai ake samun wadda darajarta ta yi ƙasa da sauri, a gaban idon duniya, kamar yadda tata ta yi a kakar 2018/2019 ba. A wannan kaka ce ta rabu da kociyar da ta rene ta tun tana yarinya, ta ƙaura daga Mosko zuwa Toronto, ta shiga sake koyon tsalle da jikin da ya riga ya sauya mata. Har yau masu nazarin wasan suna komawa ga wannan kaka idan ana muhawara kan yadda ake horar da 'yan mata ƙanana da abin da ke samun su idan sun girma.

Yadda ake cin maki

Kafin a fahimci abin da ya same ta, sai an san yadda ake auna wasan. Kowace 'yar wasa tana fitowa sau biyu: gajeren wasa na minti 2 da daƙiƙa 40, sai dogon wasa na kimanin minti 4. Alƙalai suna ba da maki iri biyu. Na farko na fasaha ne, inda kowane tsalle da juyi yake da farashinsa a rubuce, sannan a ƙara ko a rage gwargwadon kyan aiwatarwa. Na biyu na salo ne, wato ƙwarewar tafiya a kan ƙanƙara, tsarin rawar da yadda ta dace da kiɗan.

Tsalle iri shida ne, kuma sunayen uku daga cikinsu na mutanen da suka ƙirƙiro su ne: Axel, Salchow da Lutz. A tsalle mai juyi uku, 'yar wasa tana tashi sama, ta juya sau uku cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ta sauka a ƙafa ɗaya a kan kaifin ƙarfen da faɗinsa bai wuce milimita 4 ba. Nauyin da ke sauka a kan ƙafar ya ninka nauyin jikinta sau da dama. Saboda haka ƙarin tsawo kaɗan, ko buɗewar ƙugu da kafaɗa irin wadda balaga ke kawowa, yana iya rage saurin juyi har tsallen da aka saba yi ido rufe ya gagara. Wannan shi ne abin da kowace 'yar wasa ke fuskanta tsakanin shekara 15 zuwa 19, kuma da yawa ba sa tsallake shi.

Shekarun da ba a iya kayar da ita

An haifi Medvedeva a Mosko ranar 19 ga Nuwamba, 1999. Tana da kimanin shekara 8 ta shiga hannun Eteri Tutberidze, tsohuwar 'yar rawar ƙanƙara wadda daga baya ta kafa rukuninta a filin Khrustalny, ƙarƙashin makarantar wasanni ta Sambo-70. Tsarin Tutberidze sananne ne: maimaita wasa daga farko zuwa ƙarshe sau da yawa a rana, gasa mai zafi tsakanin ɗalibai a fili ɗaya, da sa ido sosai kan nauyin jiki. Wadda ta fara fito da sunan rukunin ita ce Yulia Lipnitskaya, wadda ta ci zinare a gasar ƙungiya ta Olamfik ɗin Sochi a 2014 tana da shekara 15. Lipnitskaya ta bar rukunin a 2015, ta kuma yi ritaya a 2017 bayan jinyar cutar ƙin cin abinci.

Medvedeva ce ta gaje ta. Ta ci gasar duniya ta matasa a 2015, ta ci ta manya a Boston a 2016, ta sake ci a Helsinki a 2017. Rabon da wata mace ta ci wannan gasa sau biyu a jere tun Michelle Kwan ta Amurka a 2000 da 2001. Ta ci gasar Turai sau biyu. A wata gasa a Tokyo a Afrilun 2017 ta zama mace ta farko da ta haura maki 80 a gajeren wasa da maki 160 a dogo, jimilla 241.31. Daga ƙarshen 2015 har zuwa Janairun 2018 babu wadda ta kayar da ita.

Abin da ya ba ta wannan rinjaye shi ne rashin kuskure da iya lissafi. Tana jera yawancin tsallenta a rabin wasa na biyu, inda doka a lokacin take ƙara kashi 10 cikin 100 a kan farashin kowane tsalle, tana kuma ɗaga hannu sama yayin juyi domin ƙarin maki. Amma ko a wancan lokaci masana suna nuna rauni biyu a fasaharta. Tsallenta na Lutz yakan tashi daga gefen ƙarfen da ba shi ne doka ta tanada ba. Sannan yawancin tsallenta sun dogara ne kan murɗa baya da kafaɗa da rashin nauyin jiki, fiye da ƙarfin cinya. Fasaha ce da ke aiki sarai ga yarinya 'yar shekara 16, amma ba ta da tabbas ga mace 'yar 19.

Tsagewar ƙashi da maki 1.31

A kakar Olamfik ta 2017/2018 jikin ya fara ba da alama. Ta ci gasar Mosko da ta Osaka a jerin manyan gasannin kaka, amma a Nuwamban 2017 aka bayyana cewa wani ƙashi a tafin ƙafarta ta dama ya tsage. Aka ɗaure ƙafar, ta rasa wasan ƙarshe na jerin gasannin da kuma gasar ƙasa ta Rasha. A daidai wannan lokaci ne aka tafi da ita Lausanne a Disamba domin ta yi jawabi a gaban kwamitin Olamfik na duniya, wanda ke duba hukuncin da za a yi wa Rasha kan badaƙalar ƙwayoyin ƙara kuzari. Sakamakon zaman shi ne 'yan wasan Rasha suka je Pyeongchang ba tare da tutarsu ko taken ƙasarsu ba.

Yayin da take jinya, wata ɗaliba a rukuninsu ta cike gurbin. Alina Zagitova, wadda aka haifa a Mayun 2002, ta cika shekara 15 makonni kaɗan kafin ranar da doka ta yanke, don haka ta cancanci shiga gasar manya. Ita ta ci wasan ƙarshe da gasar ƙasa, sannan a gasar Turai da aka yi a Mosko a Janairun 2018 ta kayar da Medvedeva, wadda ke dawowa daga jinya.

A Koriya ta Kudu, ranar 21 ga Fabrairu, Medvedeva ta kafa sabon tarihi a gajeren wasa da maki 81.61. Mintoci kaɗan bayan haka Zagitova ta rushe shi da 82.92. Kwana biyu bayan nan, a dogon wasa, su biyun suka samu maki iri ɗaya cif, 156.65. Zagitova, wadda ta ajiye dukkan tsallenta a rabi na biyu, ta fi a fasaha. Medvedeva, da wasanta na Anna Karenina, ta fi a salo. Jimillar Zagitova 239.57, ta Medvedeva 238.26. Tazarar maki 1.31 ta gajeren wasa ce ta raba zinare da azurfa. Kaetlyn Osmond ta Kanada ta zo ta uku. Medvedeva ba ta je gasar duniya ta Milan a watan Maris ba saboda ƙafar.

Rabuwa a bainar jama'a

Ranar 7 ga Mayu, 2018, hukumar wasan ta Rasha ta sanar da cewa Medvedeva za ta koma Kanada ƙarƙashin Brian Orser, amma za ta ci gaba da wakiltar Rasha. Kafin sanarwar, Tutberidze ta riga ta bayyana a gidan talabijin na gwamnati, ta ce daga labarai ta ji batun tafiyar, ta nuna saƙonnin waya da ta aika ba a amsa ba. Ta kuma ce bayan an kammala wasa a Olamfik, Medvedeva ta tambaye ta me ya hana a bar Zagitova a rukunin matasa na ƙarin shekara guda.

Wannan magana ce ta fi yi wa 'yar wasan illa. Ko da an faɗe ta, magana ce ta yarinya 'yar shekara 18 da ta rasa zinare mintoci kaɗan da suka wuce, ta faɗa wa wadda ta rene ta shekara 11, kuma fitar da ita fili bai dace da babba ba. Nan take masoya wasan a Rasha suka rabu gida biyu. Wasu suka kira ta maci amana da ta gudu ƙasar waje saboda hassada, wasu suka ce ta yi abin da ya wajaba domin ceton jikinta da sana'arta. Rigimar ta bi ta tsawon kakar a shafukan sada zumunta da jaridun wasanni, har ya zama kowace faɗuwa tata hujja ce ga ɓangare ɗaya, kowace nasara hujja ga ɗayan.

Orser ba baƙo ba ne ga irin wannan hayaniya. Ya ci azurfa sau biyu a Olamfik, a 1984 da 1988, da gasar duniya a 1987. A matsayin koci shi ya kai Kim Yuna ta Koriya ta Kudu ga zinare a 2010, kafin su rabu baram-baram watanni kaɗan bayan haka. A lokacin shi ne kuma kocin Yuzuru Hanyu na Japan, mai zinare a 2014 da 2018, da Javier Fernández na Sifaniya, zakaran duniya sau biyu. A kulob ɗinsa na Toronto yana aiki tare da Tracy Wilson, wadda ta shahara wajen koyar da asalin tafiya a kan ƙanƙara. Abin da aka san shi da shi shi ne riƙe manyan 'yan wasa shekaru masu yawa, yana ba su damar sa baki a tsarin horonsu. Ga wadda ta taso inda koci ke yanke komai, wannan 'yanci shi kansa sabon abu ne da sai an koya.

Aikin da aka sa a gaba

Abu uku suka haɗu mata lokaci guda. Na farko, jiki. Ta iso Toronto da ƙafar da ba ta daɗe da warkewa ba da kuma ciwon baya. A hirarrakin da ta yi daga baya ta bayyana cewa a kakar Olamfik ta takura wa kanta ƙwarai a cin abinci domin nauyinta ya tsaya inda ake so, kuma a Kanada ne ta fara aiki da masana abinci da gina tsoka. Jikin da ya fito daga wannan sauyi ya fi ƙarfi, ya fi lafiya, amma ba shi ne jikin da aka gina tsofaffin tsallenta a kansa ba.

Na biyu, fasaha. Orser da Wilson suka shiga gyara yadda take shiga tsalle: ƙarin gudu, ƙarin aiki da gwiwa da cinya, rage murɗa baya, da ƙoƙarin daidaita gefen ƙarfe a tsallen Lutz. Gyaran abin da jiki ya haddace shekara goma ba ƙaramin aiki ba ne. A lokacin atisaye sabuwar hanya takan yi aiki, amma a tsakiyar gasa, idan tsoro ya shigo, jiki yakan koma tsohuwar hanya, ko ya tsaya tsakanin biyun, wanda shi ne mafi muni. Orser ya sha roƙon a yi haƙuri, yana cewa aikin na dogon zango ne kuma idonsu yana kan Olamfik ɗin Beijing ta 2022. A Rasha, inda a lokacin gurbi uku kacal ake da shi a kowace babbar gasa, ga kuma 'yan mata fiye da goma da suka cancanta, ba a cika sauraron irin wannan roƙo ba.

Na uku, doka ta sauya. Bayan Pyeongchang, hukumar wasan ta duniya ta taƙaita ƙarin kashi 10 ɗin nan ga tsalle ɗaya na ƙarshe a gajeren wasa da uku na ƙarshe a dogo. Ta kuma faɗaɗa ma'aunin kyan aiwatarwa daga mataki 3 sama da ƙasa zuwa mataki 5. Ma'anar wannan ita ce tsalle mai tsayi da nisa ya ƙara daraja, kuskure kuma ya ƙara tsada. Dabarun da suka ɗaukaka Medvedeva sun rage amfani a daidai lokacin da take neman sababbi.

Daga Oakville zuwa Saransk

Ta buɗe kakar a Satumba a Oakville, kusa da Toronto, inda ta zo ta biyu bayan Bradie Tennell ta Amurka. A Oktoba, a gasar Kanada da aka yi a Laval, ta zo ta 7 a gajeren wasa, ta yi ta ɗaya a dogo, ta tsira da tagulla. A Grenoble ta Faransa a Nuwamba ta ƙare ta 4. Wannan ne karo na farko a rayuwarta da ta bar gasar ƙasa da ƙasa ba tare da lamba ba, kuma ta rasa gurbi a wasan ƙarshe, wanda ta taɓa ci sau biyu.

Masu kallo sun lura da wani abu ban da faɗuwa. Gajeren wasan da David Wilson ya tsara mata a kan kiɗan jaz mai raha bai zauna mata ba. 'Yar wasan da aka sani da wasan tausayi da labari tana ƙoƙarin murmushi alhali hankalinta yana kan tsalle na gaba. Kafin gasar ƙasa aka jingine shi, aka kawo sabo a kan kiɗan Tosca na Puccini, wanda Misha Ge ya tsara. Sauya wasa a tsakiyar kaka alama ce ta cewa ruwa ya kai wa mutum wuya.

Gasar ƙasa ta Rasha, a Saransk a Disamban 2018, ita ce ƙarshen gangara. Bayan kurakurai a gajeren wasa ta tsinci kanta ta 14. Washegari ta farfaɗo, ta zo ta 4 a dogon wasa, ta ƙare ta 7 gaba ɗaya. Abin da ya fi jan hankali shi ne waɗanda suka hau mumbarin: Anna Shcherbakova, Alexandra Trusova da Alena Kostornaia, dukkansu ɗaliban Tutberidze, dukkansu ba su kai shekarun shiga gasar manya ta duniya ba. Biyu na farko, 'yan shekara 14, suna yin tsalle mai juyi huɗu. Zagitova kanta, mai zinaren Olamfik wata 10 da suka wuce, wadda ita ma ta ƙara tsawo, ta zo ta 5. Ba a sa Medvedeva cikin tawagar gasar Turai ta Minsk ba.

Rigimar gurbi na uku

Hukumar Rasha ta bar ƙofa ɗaya a buɗe: wasan ƙarshe na kofin Rasha a Veliky Novgorod a Fabrairun 2019. Wadda za ta kara da ita ita ce Elizaveta Tuktamysheva, zakarar duniya ta 2015, ɗalibar tsohon koci Alexei Mishin. Tuktamysheva, mai shekara 22, ta yi kaka mai kyau ƙwarai: ta ci gasar Kanada da Medvedeva ta zo ta uku a cikinta, ta ci tagulla a wasan ƙarshe a Vancouver, tana kuma da tsallen Axel mai juyi uku da rabi, wanda mata ƙalilan ke iya yi. Ciwon huhu ne ya hana ta zuwa Saransk.

A Veliky Novgorod Medvedeva ta yi nasara da tazarar da ba ta kai maki 2 ba, duk da cewa Tuktamysheva ce ta ci dogon wasa. Aka ba Medvedeva gurbin, tare da Zagitova da Sofia Samodurova, sabuwar zakarar Turai. Hukuncin ya jawo ce-ce-ku-ce, kuma masu sukarsa suna da hujja: idan da sakamakon kakar gaba ɗaya aka duba, Tuktamysheva ce ta fi cancanta. Medvedeva ta tafi Japan da sanin cewa mutane da yawa a ƙasarta suna ganin suna ne ya ba ta kujerar.

A Saitama, a Maris ɗin 2019, ta yi wasanta mafi tsafta a kakar. Ta zo ta 4 a gajeren wasa, ta 3 a dogo da wasanta na tango a kan kiɗan Astor Piazzolla, jimilla 223.80. Wannan ya ba ta tagulla, da tazarar maki 0.31 kacal a kan Rika Kihira ta Japan, wadda aka yi wa zaton zinare a gida. Zagitova ta ci gasar da 237.50. Azurfa ta tafi ga Elizabet Tursynbaeva ta Kazakhstan, mace ta farko da ta sauka daga tsalle mai juyi huɗu a gasar manya ta duniya. Wani abin mamaki shi ne Tursynbaeva ta yi kishiyar tafiyar Medvedeva ce: a 2018 ta bar Orser a Toronto ta koma wurin Tutberidze a Mosko. Don haka mumbarin Saitama bai raba gardamar kocin da ya fi ba, kowane ɓangare ya samu abin kafa hujja.

Abin da ya biyo baya

A kakar 2019/2020 tsallenta sun ƙara daidaita, ta kuma ci azurfa a gasar Mosko bayan Trusova. Amma 'yan matan Saransk uku sun riga sun shigo gasar manya, suka kwashe dukkan manyan gasannin kaka shida a tsakaninsu. A gasar ƙasa ta Krasnoyarsk a Disamban 2019 Medvedeva ta janye bayan gajeren wasa saboda matsalar takalmi. Ba ta sake shiga gasa ba tun daga nan.

Annobar korona ta raba ta da Orser, ita tana Mosko shi yana Toronto, horo ya koma ta bidiyo. A Satumban 2020 ta koma rukunin Tutberidze, abin da kaɗan ne suka yi zato bayan abin da ya faru a 2018. Ciwon baya da kamuwa da korona suka cinye mata kakar, kuma a ƙarshen 2021 ta bayyana cewa bayan nata ba zai bari ta koma gasa ba. Ta ci gaba da wasannin nishaɗi a kan ƙanƙara da aikin talabijin.

Zinaren Beijing da aka yi wa tanadi a Toronto ya tafi ga Shcherbakova, azurfa ga Trusova, a gasar da badaƙalar gwajin ƙwaya na Kamila Valieva, wata ɗalibar Tutberidze 'yar shekara 15, ta mamaye. A Yunin 2022, a taronta na Phuket a Tailan, hukumar wasan ta duniya ta amince da ɗaga mafi ƙarancin shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 16 a kakar 2023/2024, sannan zuwa 17 daga kakar 2024/2025.